RUWA UKU NA ƘASAR YAWURI

Ya ku 'yan makaranta, in malaminku ya shimfiɗa muku taswirar Nijeriya, ku ɗora yatsa a kan Sakkwato, ku yi ta gangarowa kudu, har ku iske wurin da kogin Kwara ya kumbura kamar salka cike da ruwa. To, wannan shi ne Tafkin Kainji. A bakinsa na arewa Yelwa take, watau mazaunin Sarkin Yawuri. Gabas da tafkin ga ƙasar Ngaski da garin Wara, arewa da Yelwa kuwa ga Shanga. Dukansu cikin Jihar Kebbi suke. Wanda ya ga faɗin ruwan nan sai ya zaci tun fil azal yake nan, alhali kuwa akwai tsofaffi da ransu waɗanda suka yi noma a inda jirage ke wucewa yau.

Abin da muke so mu ba ku labari shi ne yadda mutanen wannan ƙasa suka ciyar da kansu tun zamanin da, da abubuwan da suka auko musu, da kuma abin da sauyin yanayi ke yi musu a zamaninku. Ku riƙe abu guda tun daga farko. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai an kafa mata uku. Abincin Yawuri ma a kan ruwa uku aka girka shi.

RUWAN FARKO DA NA BIYU

Ruwan farko shi ne wanda kowa ya sani, watau ruwan sama. A wajen Yelwa yakan kai misalin inci 40 a shekara, yana farawa wajen watan Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba. Da shi ake noman tudu: dawa, da gero, da maiwa, da wake, da gyaɗa. Kambari, waɗanda suka fi yawa a ƙasar Ngaski, sun yi suna wajen wannan aiki. Mutane ne masu ƙarfin fartanya, masu tada manyan kunyoyi, kuma rumbunansu ne suka daɗe suna cika kasuwannin ƙasar da hatsi.

Ruwa na biyu daga na farko yake fitowa. In damina ta yi nisa, sai ruwan da ya zuba a ƙasashen Zamfara da Sakkwato da Kabi da Borgu ya taru cikin gulabe, ya kwararo cikin Kwara ɗauke da laka. Kogi ya cika, ya yi fari-fari kamar kunun kanwa, ya hau fadamu wajen Satumba da Oktoba. Masana suna kiransa farin ruwa. Amfaninsa biyu ne. Yakan shayar da shinkafar fadama, ya bar mata sabuwar laka wadda ta fi kowane taki. Sa'an nan cikin ciyayin da ya rufe ne kifi ke shiga ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma. Shinkafar da kakanni suka shuka a nan kuwa ba baƙuwa ba ce. Jar shinkafa ce ta Afirka, wadda aka fara nomawa a bakin wannan kogi can ƙasar Mali tun shekaru aru-aru. Wani irinta yana da hali mai ban mamaki: in ruwa ya ƙaru, sai karansa ya ƙara tsawo, kansa na bisa ruwa kullum.

RUWAN DA KE TAFIYAR WATANNI

Ruwa na uku shi ne abin al'ajabi, kuma shi ya bambanta mutanen bakin Kwara da sauran manoman ƙasar Hausa. Kogin nan tsawonsa ya kai mil 2,600. Mafarinsa yana cikin duwatsun ƙasar Gini, kusa da teku ƙwarai, amma maimakon ya faɗa teku nan kusa, sai ya juya mata baya ya nufi hamada. In ya iso ƙasar Masina cikin Mali, sai ya bazu cikin wata makekiyar fadama, ya yi ta tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, rana ta shanye kusan rabinsa. Abin da ya rage shi ke bi ta kusa da Tambutu, da Gawo, da Yamai, da Gaya, ya shigo Nijeriya. Saboda haka ruwan da ya zuba a Gini da damina ba ya isowa Yawuri sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Da yake ya bar lakarsa a hanya, garau yake zuwa, mai duhu-duhu. Shi ake kira baƙin ruwa.

Ku duba hikimar Ubangiji. Lokacin da rafukan Katsina da Kano suka ƙafe, ana tonon yashi ana neman na sha, a lokacin ne Kwara ke sake cika. Kafin a yi tafki, kogin cike yake da tsibirai, waɗanda ake kira gungu, mazaunansu kuwa Gungawa. Su da bakinsu Reshe suke kiran kansu. Da damina suna noman gero da dawa, suna zuba wa gonakinsu taki, gama ƙasar gungu kaɗan ce, ba ta isa a bar ta ta huta ba. Da sanyi ya shigo sai su ja fangali a gaɓar kogi, su dasa albasa. Da yake baƙin ruwa ya ɗago kogi har kusa da bakin lambu, da ƙwarya kawai suke ɗiba suna ban ruwa. Albasa kuwa sanyi take so. Ta haka albasar Yawuri ta yi suna, ana loda ta a jirage ana kai ta ƙasar Nufe da kudu.

Ba Gungawa kaɗai ke jiran baƙin ruwa ba. In ya fara janyewa, sai ya bar ɗanyar ciyawar burugu a fadamu, Fulani su gangaro da shanunsu su ci rani, su bar wa manoma kashin shanu. Sarkawa kuma, masuntan da asalinsu daga Kabi ne, suna bin kifi da taru da mashi. A kasuwa sai Bakambare ya kawo dawa, Bagunge ya kawo albasa, Basarke ya kawo kifi, Bafillatana ta kawo nono da man shanu, Shangawa su zo da nasu amfanin gona da na ruwa, Bahaushe ya zo da gishiri da tufafi. In fari ya ƙone tudu, akwai fadama. In ruwa ya ci shinkafa, akwai albasa da kifi da za a sayar a sayi hatsi. Da wuya duwatsun nan uku su tuntsure cikin shekara guda, domin ruwan farko da na uku ba gajimare ɗaya ke kawo su ba.

Ku gwada wannan da halin wanda gonarsa tudu ce kaɗai. A 1913 damina ta gaza a Kano da Katsina da Daura da Damagaram, aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka mutane ba iyaka cikin 1914. Manomin da ke da ruwa ɗaya, ran da ya ɗauke ba shi da madafa.

ABIN DA BAƘI SUKA GANI, DA ABIN DA YAƘI YA YI

Yawuri tsohuwar daula ce, ana lissafa ta cikin Banza Bakwai, kuma tana kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Mungo Park ya bi ta ƙasar cikin jirgi a 1806, kafin ya hallaka a gurguzun duwatsun Busa. A daminar 1830 kuma wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da John Lander, suka sauka Birnin Yawuri suka yi makonni. Cikin abin da suka rubuta sun ambaci baba, da taba, da albasa, da alkama, da hatsi iri-iri, da shinkafa mai yawa mai kyau. Kun ga ashe noman rani a ƙasar nan ba jiya aka fara shi ba.

Amma fa ba daga sama kaɗai yunwa ke saukowa ba. Bayan wucewar waɗannan baƙi, sai rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarki, aka yi ta yaƙin basasa shekara da shekaru. Ana cikin haka Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta kai hari ƙasar Kambari suna kama bayi. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji, wanda ya tsira ya gudu gungu ko cikin duwatsu. Birnin Yawuri kansa ya zama kufai, har Sarki Abdullahi Abarshi, wanda ya hau gado a 1888, ya zauna a Yelwa. Shehun malamin tarihi Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, ya yi bincike mai zurfi a kan wannan zamani. A waɗannan shekaru ruwa uku na nan suna zuwa kan lokacinsu, amma manomi ba ya iya fita gona. Zaman lafiya shi ne ƙasar da ake kafa murhu a kanta.

RAN DA AKA TARE KWARA

Bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, sai gwamnati ta ƙudura samar da wutar lantarki daga ƙarfin kogi. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa a Kainji, kudu da tsohuwar Busa, aka gama a 1968, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Ruwa ya taru a baya ya zama tafki mai tsawon mil 85, faɗinsa a wani wuri ya kai mil 15. Tsohuwar Busa ta nutse. Babban tsibirin Foge, makiyayar dubban shanu, ya nutse. Gungu bayan gungu suka ɓace da lambunansu da kaburburan kakanni. Mutum wajen 44,000 aka tasa, da yawansu talakawan Sarkin Yawuri ne, aka gina musu sababbin ƙauyuka na bulo da siminti a kan tudu.

Kada ku ce aikin banza aka yi. Wutar Kainji ta haskaka birane, ta juya injunan masaƙu da asibitoci, har ƙasar Nijar ana sayar wa. Amma kowane alheri da kuɗinsa, kuma waɗanda suka biya mafi tsada ba su ne suka fi shan wutar ba. An ba Bagunge ɗaki, amma ba a iya ba shi lakar da kogi ya yi shekaru dubbai yana tarawa ba. Sabon bakin ruwa tsohon tudu ne, mai yashi da tsakuwa. Kuma tafki ba ya bin al'adar kogi. Yakan cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi cike cikin hunturu, sa'an nan ya yi ta sauka har tsakiyar damina, gwargwadon yadda ake sakin ruwa don wuta. Tsakanin cikarsa da saukarsa akwai misalin ƙafa 30. A wuri mai shimfiɗe, ruwan da ke bakin lambu yau, bayan 'yan makonni sai ka hange shi can nesa. Ina ƙwarya za ta kai?

Duk da haka mutanen ba su naɗe hannu ba. Wani masani mai suna Wolf Roder ya bi al'amarinsu shekaru da yawa, tun kafin tashi har bayan an zauna, ya kuma rubuta yadda suka sake kafa rayuwarsu. Suka nemi wuraren da albasa za ta yi, suka sake jan fangali. Suka lura ƙasar da tafki ke janyewa ya bari tana da danshi, suka dinga bin ruwa suna shuka masara da wake da shinkafa a bayansa. Kifi kuma ya yi yawa ƙwarai cikin shekarun farko, musamman faliya, domin ciyayi da itatuwan da suka nutse sun zame masa abinci. Masunta suka yi ta tuɗaɗowa daga nesa, kasuwar kifi ta Yelwa ta bunƙasa. Amma kafin shekara goma kamun ya faɗi warwas, gama abincin nan ya ƙare, taru kuma ya yi yawa.

SHEKARUN FARI

Tafki bai daɗe da cika ba sai sama ta juya. Daga 1972 zuwa 1974 aka yi fari mai tsanani tun daga Sanigal har Habasha, shanu suka mutu, mutanen arewa suka yi ta ƙaura kudu. Aka sake yin wani a 1983 da 1984, wanda ya fi na farko ƙarancin ruwa. Wannan karon abin da ba a saba gani ba ya faru: damina ta gaza a nan, ta kuma gaza a Gini. Baƙin ruwa ya zo ɗan kaɗan, ya wuce da wuri. A watan Yuni na 1985, kogin Kwara ya tsaya cik a Yamai, yara na ƙetare shi da ƙafa. Tafkin Kainji ya kasa cika, wuta ta yi ƙaranci a birane. Masana sun gano cewa canjin ɗumin ruwan teku ne ya raunana iskar da ke kawo mana damina, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Ku dubi nisan wurin da aka hura wuta, da wurin da tuwo ya ƙone.

A bayan wannan wahala ne ƙananan injunan ban ruwa suka yaɗu, musamman da aka kafa shirin Fadama da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990. Inji ya yi abin da ƙwarya ta kasa, ya jawo ruwa daga nesa. Noman rani ya faɗaɗa, shinkafa 'yar gwamnati mai yawan amfani ta ture jar shinkafar kakanni daga fadamu da yawa.

SHEKARUN AMBALIYA

Yanzu sai mu zo zamaninku. Hayaƙin kwal da fetur da gas da duniya ke ƙonawa yana taruwa a sama, ya zama kamar bargo, ya hana zafi fita. Ɗumin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 bisa yadda yake kafin zamanin injuna, kuma 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, saboda haka in hadari ya haɗu yakan zubar da ruwa mai yawa cikin sa'o'i kaɗan. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan haduran yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga kuma laifinmu na gida: an sare dazuzzuka, ƙasa ta yi tauri, ruwa ba ya nutsewa, sai ya kwashi yashi ya yi kogi da gudu.

Ma'anar wannan ga Yawuri ita ce, ruwan farko ya zama marar alkawari. Yakan makara, ko ya fara ya ɗauke bayan an yi shuka, sa'an nan ya zo gaba ɗaya. Farin ruwa kuwa, wanda da yake hawa sannu-sannu har shinkafa ta bi shi, yanzu yakan zo da fushi. An yi babbar ambaliya a 2010, da 2012, da 2020, da 2022, da 2024.

Ta 2020 ita ce ta fi koya darasi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Shinkafa ta yi kuɗi, aka kafa injunan casa, mutane da yawa suka mai da ƙarfinsu duka kanta. Ana saura makonni kaɗan a yi girbin 2020, sai Kwara da gulbin Kabi suka tumbatsa. A Yamai kogin ya kai tsawon da ba a taɓa aunawa ba kafin wannan shekara. Gonakin shinkafa na Jihar Kebbi, tun daga Argungu da Bagudo har Shanga da Yawuri da Ngaski, suka kwana ƙarƙashin ruwa. Wanda ke da dawa a tudu da albasa a lambu ya yi kuka ya share hawaye. Wanda ya girka tukunyarsa kan shinkafa kaɗai ya wayi gari ba abinci, ga bashi.

Sauran duwatsun ma suna girgiza. Inji fetur yake sha, kuma da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗinsa ya ninka kusan sau uku, shi ya sa masu hali suka fara komawa injin hasken rana. Baƙin ruwa yana da masu jiransa a hanya, gama akwai madatsar Markala da ta Selinge a Mali, Nijar kuma ta ɗauki aikin tata a Kandaji. Don irin wannan ne ƙasashe tara da ke shan kogin suka kafa hukuma guda a 1980, mai mazauni a Yamai, domin a yi rabo da shawara. Sa'an nan masifar zamanin Nagwamatse ta dawo da sabuwar riga. 'Yan bindiga sun hana ƙauyuka da dama noma, har a watan Yuni na 2021 suka kwashe 'yan'uwanku ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri.

NAKU AIKIN

To, me ɗan makaranta zai yi? Ba ku da ikon tsai da hayaƙin duniya yau, amma akwai abin da ke hannunku. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi da ta lura da koguna suna fitar da sanarwa kan lokacin faɗuwar damina da wuraren da ake tsoron ambaliya. Sau da yawa takardar ba ta kai wa wanda ke riƙe da fartanya. Ku ne za ku karanta, ku fassara wa iyayenku. Ku kafa ma'aunin ruwan sama a filin makaranta, ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar shuka, da ranar da farin ruwa ya iso, da inda ya tsaya. Bayan shekara goma littafin nan zai fi zinariya daraja ga garinku.

In an yi hutu, ku zauna gaban tsofaffin da aka haifa a gungu, ku tambaye su sunayen irin shinkafa da dawa da suka sani, wanne ke jure ruwa, wanne ke jure fari, wanne ke nuna da wuri. Ku rubuta, in da hali ku nemi irin ku adana, gama iri in ya ɓace ba a sayo shi a kanti. Kuma in kun ji wani na cewa a bar gero da dawa a koma abu guda mai kawo kuɗi, ku ba shi labarin 2020 cikin ladabi.

Kada ilmin boko ya sa ku raina mai ƙwarya. Mutumin da ya gane cewa ruwan da ya zuba a Gini zai iso lambunsa bayan watanni, ya ja fangali yana jiransa, ba jahili ba ne, ko da bai taɓa ganin taswira ba. Ku ga taswira a gabanku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo ruwa da sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.